Ƙwayoyin cutar dasashi da ake sauya wa halitta: bakin wa ake bincika?

Tun watan Agustan 2025, lokacin da gwamnatin Burkina Faso ta dakatar da shirin Target Malaria mai aiki da sauron da aka sauya wa halitta, maganar "sauya halitta" ta zama abin ƙyama a yankin Sahel. A fadojin matasa da zaurukan WhatsApp ana zuba komai cikin kwando ɗaya: sauro, masara, wake, allurar rigakafi. Tambayar da jama'a ke yi tana da tushe, domin abin da aka saki cikin gari ko aka shuka a gona ba ya komawa kwalba. Sai dai akwai wani reshe na wannan ilimi da ba ya fita daga ɗakin bincike ko kaɗan, kuma da shi aka gano mafi yawan abin da aka sani yau game da yadda ƙwayoyin cuta ke cin jikin mutum. Ciwon dasashi misali ne mai kyau, kuma ya shafi Nijar fiye da yadda ake zato.

Ciwon yakan fara da ɗan jini a kan aswaki ko buroshi, abin da mutane da yawa ke ɗauka ba komai ba ne. Idan ya yi nisa, dasashi ya janye, rami ya buɗe tsakaninsa da haƙori, ƙashin da ke riƙe da haƙorin ya zaizaye, har haƙori lafiyayye da ba tsutsa a jikinsa ya fara girgiɗi ya faɗi. A rahotonta na 2022, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa nau'in mai tsanani ya kama kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutane a duniya, wato sama da mutum biliyan ɗaya. Shan taba da ciwon suga na ƙara masa ƙarfi. Shi ma yana dagula ciwon suga, shi ya sa likitoci suka lura cewa mai suga da aka kankare wa dattin haƙori aka kula da dasashinsa, sugan jininsa kan ɗan sauka.

A bakin ɗan Adam akwai ɗaruruwan nau'o'in bakteriya, galibinsu ba ruwansu da kowa. A 1998 Sigmund Socransky da abokan aikinsa na cibiyar Forsyth, wadda a lokacin take Boston a Amurka, suka nuna cewa guda uku kan taru a ramin dasashin da ya lalace: Porphyromonas gingivalis, Tannerella forsythia da Treponema denticola. Ta farkon ce ta fi suna. Halitta ce mai ban mamaki. Iskar oksijin na hana ta rayuwa, don haka take ɓuya a ƙasan rami. Suga bai dame ta ba, abincinta furotin ne da sinadarin ƙarfen da ke cikin jini. Idan aka shuka ta a faranti mai ɗauke da jinin tumaki, bayan kwanaki sai gungunta ya rine ya yi baƙi ƙirin saboda abin da ta tara daga jinin.

To amma samun mutum a wurin da aka yi sata ba ya mai da shi ɓarawo. Ganin ƙwayar a dasashi mai ciwo bai nuna ita ta kawo ciwon ba, ta yiwu jini ne ya jawo ta bayan ɓarna ta riga ta auku. A nan sauya halitta ya shigo. Duk wanda ya taɓa zama a garejin gyaran babur a Maraɗi ya san dabarar: idan makaniki na son sanin aikin wata waya, sai ya cire ta ya ga fitilar da za ta mutu, sannan ya mayar ya ga ko ta dawo. Masanin nan Stanley Falkow ya tsara wannan a matsayin ƙa'ida a 1988. Kundin halittar bakteriya, wanda ake kira DNA ko ADN da Faransanci, yana ɗauke da umarni daki-daki, kowane umarni shi ne ƙwayar gado guda. In ana zargin wata ƙwayar gado da hannu a cuta, a kashe ta a ga ko cutar ta ragu, a mayar da ita a ga ko ta dawo. In an tsallake matakin mayarwa, hujjar ba ta cika ba.

Faɗar ta fi aikin sauƙi. Masu bincike kan haɗa wani guntun DNA wanda bakinsa biyu suka yi daidai da gefe da gefen ƙwayar gadon da ake son cirewa, tsakiyarsa kuma na ɗauke da wata alama, galibi umarnin jure wa wani maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su eritromaisin. Sai a nemi hanyar shigar da guntun cikin bakteriyar. Wani lokaci ana girgiza ta da lantarki na ƙiftawar ido, fatarta ta ɗan buɗe. Wani lokaci kuma wata bakteriya dabam, E. coli, ake ɗora wa saƙon ta miƙa mata. Idan guntun ya shiga, bakteriyar da kanta ke musanya shi da nata na asali saboda kamannin bakin nan biyu. Daga nan a shuka su duka a faranti mai maganin: waɗanda suka karɓi musanyar su rayu, sauran su mutu. Duk wannan cikin akwatin da aka fitar wa oksijin ake yin sa, kuma ƙwayar na da jinkirin tsiro, gwajin da E. coli ke gamawa a kwana ɗaya ita sai ta ci mako ko fiye. A 1995 Hansel Fletcher da Francis Macrina, a jihar Bajiniya ta Amurka, suka wallafa aikin da suka yi da irin wannan alama ta eritromaisin, kuma ɗakunan bincike da dama sun daɗe suna amfani da ita.

Abin da aka samu da wannan dabara ba kaɗan ba ne. A Japan, Koji Nakayama da ɗalibansa sun bi wasu sinadarai uku da ƙwayar ke fitarwa, waɗanda ake kira ginjipen, masu aiki kamar almakashi suna yanka furotin ɗin jikin mutum. Suka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya. Da aka kashe ɗaya mai suna Kgp, ƙwayar ta daina yin baƙi a faranti. Da aka kashe ukun duka a ƙarshen shekarun 1990, ta kasa rayuwa a inda furotin ne kaɗai abinci. Ke nan almakashin nan su ne cokalinta kuma su ne makaminta, domin da su take yayyanka sojojin garkuwar jiki. Bin sawun ƙwayoyin da suka rasa launi ne kuma ya kai ga gano, a 2010, ƙofar da take fitar da waɗannan makamai, wani tsari da ba a san da shi ba a baya. A 2003 an karanta kundin halittar wani nau'inta mai suna W83 baki ɗaya: haruffa sama da miliyan 2 da dubu 300, ƙwayoyin gado kusan 2,000. A 2012 masu bincike a Boston suka bar bin ɗaya-ɗaya, suka saki wani guntun DNA mai tsalle ya faɗa ko'ina cikin kundin dubban ƙwayoyi, sannan suka duba wuraren da faɗawarsa ke nufin mutuwa. Suka ƙirga 463 da ƙwayar ba ta rayuwa sai da su. Mai neman sabon magani daga irin wannan jeri yake farawa.

Akwai kuma gwajin da ya canza tunanin likitocin haƙori. A 2011 George Hajishengallis da abokansa suka sa ƙwayar a bakin ɓeraye. Ko da yake ba ta kai kashi 0.01 cikin 100 na bakteriyar bakin ba, ƙashin haƙoransu ya zaizaye. Amma ɓerayen da aka raina ba tare da ko wace bakteriya a jikinsu ba, da aka sa musu ita kaɗai, ƙashinsu bai taɓu ba. Ma'ana, ita kaɗai ba ta iya ɓarnar. Aikinta zuga ne: ta rikita garkuwar jiki, sauran maƙwabta su yi yawa, kumburi ya tashi, jikin mutum ya ci ƙashinsa da kansa. Kowane gari na da irin wannan mutum, wanda ba a taɓa ganinsa da sanda ba amma duk rigima da hannunsa.

Shin aikin na da haɗari? Yana da shi, kuma bai kamata a ɓoye ba. Kusan duk ƙwayar da aka kashe wa wani umarni rauni take ƙarawa, ba ƙarfi ba, kuma P. gingivalis ba cuta ba ce mai yaɗuwa a iska kamar sanƙarau. Damuwar tana wajen alamar nan ta jure magani. A 2012 Gena Tribble, a birnin Houston, ta nuna cewa ƙwayar kan tsinci DNA daga kewayenta ta haɗa da nata ba tare da an tilasta mata ba. Masu bincike sun ji daɗin wannan, don ya sauƙaƙa musu aiki. Amma yana nufin faranti da aka yar a bola ba tare da an dafa shi ba na iya miƙa umarnin jure magani ga ƙwayoyin waje. Maganin wannan sananne ne: a dafa duk abin da ya fito daga ɗakin a tukunyar tururi mai zafin digiri 121, a rubuta kowace ƙwaya da aka ƙera, a sa wanda zai duba. An kuma fara samun dabarun da ke goge alamar bayan an gama. Wannan haɗari ne irin na ɗakin gwajin jini a asibiti, wanda doka da horo ke riƙewa. Nijar na cikin ƙasashen da suka shiga yarjejeniyar Kartahena kan kariya daga haɗarin fasahar halittu, don haka tana da ginshiƙin da za ta bambanta abin da ake rufewa cikin ɗaki da abin da ake saki a fili. Haɗa su a hukunci ɗaya asara ce kawai.

Masu ɗaukaka wannan bincike su ma suna da nasu zunubin, wato gaggawar alkawari. A farkon 2019 wata maƙala a mujallar Science Advances ta karaɗe duniya: an ga alamun ginjipen a ƙwaƙwalwar mutanen da suka rasu da cutar mantuwa ta Alzheimer, kuma ɓerayen da aka sa wa ƙwayar a baki sun nuna alamun cutar a ƙwaƙwalwa, alhali waɗanda aka sa wa wadda aka cire wa almakashi ba su nuna kamar haka ba. Jaridu suka ce an gano sanadin mantuwa. Kamfanin Cortexyme na Amurka ya gwada maganin toshe almakashin a kan mutum 643. A watan Oktoban 2021 sakamako ya fito, maganin bai cim ma abin da aka sa a gaba ba, ko da yake kamfanin ya ce ya ga ɗan amfani ga waɗanda ke da ƙwayar a miyau. A farkon 2022 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta dakatar da shi saboda illa ga hanta. Gwajin ɓerayen ba ƙarya ba ne. Ɓera dai ba tsoho mai shekara 70 ba ne, kuma cire waya ɗaya na nuna aikin wayar ne kawai, ba ya nuna yadda babur zai yi a kan hanyar Tawa zuwa Agadas.

Inda maganar ta fi shafar mai karatu a Nijar shi ne asalin ƙwayoyin da ake wannan aiki a kansu. Mafi yawan binciken duniya a kan P. gingivalis ya rataya ne a wuyan nau'o'i ƙalilan da ake raino a ɗakunan bincike. W83, wanda ya fi shahara, daga bakin wani majinyaci aka ɗauko shi a birnin Bon na Jamus a shekarun 1950. Ƙwayar da ke tsintar DNA daga maƙwabta kuwa ba ta zama iri ɗaya daga wuri zuwa wuri.

Cewa bambancin yanki na da tasiri, an riga an gani a wata ƙwayar dasashi mai dogon suna, Aggregatibacter actinomycetemcomitans. Akwai wani reshenta da ake kira JP2, wanda ya rasa haruffa 530 a wurin da ke daidaita yawan dafin da take fitarwa. Ba ɗan Adam ya cire su ba, haka ta faru tun da daɗewa, kuma masana na ganin a arewacin Afirka abin ya samo asali kafin ya gangaro yamma. Rashin haruffan ya cire mata birki, tana zuba dafin da ke kashe fararen ƙwayoyin jini ninki da yawa. Dorte Haubek ta jami'ar Aarhus a Denmak ta bi ɗaliban makarantun Rabat na Maroko tsawon shekara biyu, sakamakon ya fito a mujallar Lancet a 2008: matasan da ke ɗauke da JP2 sun ninka waɗanda ba su da ƙwayar sau 18 wajen haɗarin zaizayar abin da ke riƙe da haƙori. Bincike makamancin wannan a Gana ya sake nuna illarta. Nijar na zaune tsakanin waɗannan yankuna biyu, a kan hanyoyin ayari na ɗaruruwan shekaru. Duk likitan haƙorin da ya ga budurwa ƴar shekara 16 da haƙoran gaba na girgiɗi a Damagaram yana da dalilin tambaya ko JP2 ce, kuma gwajin da ke ba da amsa irin wanda aka riƙa yi ne lokacin korona.

Sai babbar maganar, cutar noma. Sunan na rikita Bahaushe don ba ruwanta da gona, wasu na ce mata ciwon iska. Ita ma daga dasashi take farawa: kumburi, jini, wari, sannan cikin kwanaki ta huda kumatu ta ci fuska. Yara ƴan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa ta fi kamawa. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce yara 140,000 ke kamuwa a shekara, kuma tara cikin goma na mutuwa in ba a yi magani ba. Sai a watan Disamban 2023 aka sa ta a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Najeriya ta jagoranta. A Sakkwato akwai asibiti nata na musamman, a Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta Suwizilan na kula da yaran tun farkon shekarun 1990.

Ɗaya daga cikin manyan binciken da aka taɓa yi kan musabbabin noma a jihar Damagaram aka yi shi, daga 2001 zuwa 2006, ƙarƙashin wata tawagar masana ta birnin Janeba, kuma ya fito a Lancet Global Health a 2013. Kafin nan, aikin da aka yi a Najeriya ya sa ana zargin wata ƙwaya mai suna Fusobacterium necrophorum, wadda aka sani da ruɓar da ƙafar dabbobi. Binciken Damagaram bai tabbatar da haka ba. Abin da ya gani shi ne rikicewar al'ummar bakin gaba ɗaya a jikin yaron da yunwa da rashin lafiya suka raunana, tare da yawaitar dangin Prevotella, musamman Prevotella intermedia. Wannan ya yi kama da darasin ɓerayen 2011. Amma a nan aka tsaya a matakin ganin mutum a wurin sata. Ko Prevotella ce mai zuga, ko ƴar kallo ce da ta zo cin gawa, sai an cire waya an mayar za a iya cewa. Ga shi kuma tana cikin masu taurin kai: tana da almakashin da ke datse duk DNA da ba nata ba, kuma a 2017 masu bincike a Forsyth sun wallafa maƙala sukutum a kan wannan shinge. Sai a ƴan shekarun nan aka fara samun hanyar ratsa shi. Ƙwayar da aka alaƙanta da mantuwar tsofaffi a ƙasashe masu arziki ta samu kamfani da kuɗin masu hannun jari. Wadda aka gani a bakin yaran Damagaram ba ta da kasuwa.

Wani zai ce, kuma da gaskiyarsa, ƙasar da ɗan ƙauye ke tafiyar yini kafin ya ga likitan haƙori ba ta da hurumin mafarkin sauya halittar bakteriya. Noma ba ta jiran a gano ƙwayarta kafin a tsayar da ita. In an kama ta a matakin kumburin dasashi, amoksisilin da metronidazol da wanke baki da abinci mai gina jiki na ceton yaro. Ma'aikacin CSI da aka koya wa buɗe bakin duk yaron da aka kawo da tamowa ko ƙyanda zai ceci fuskoki fiye da kowane ɗakin bincike a shekaru goma masu zuwa. In jika ɗaya ce ta rage a asusu, can ya kamata ta tafi.

Sai dai abin da ake buƙata daga Nijar a wannan fanni bai kai tsadar da ake tsammani ba. Ba a ce a gina irin Forsyth a Yamai ba. Matakin farko shi ne iya raino da adana ƙwayoyin da aka ɗauko daga bakin ƴan ƙasa: akwatin da ba oksijin, firji mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, da wutar da ba ta yankewa, wanda a Yamai ta watan Afrilu shi ne mafi wuyar ukun. Cibiyar CERMES ta daɗe tana irin wannan aiki a kan ƙwayoyin sanƙarau, kuma jami'ar Abdou Moumouni na yaye likitoci da masana halittu da za a iya horarwa. Wanda ke riƙe da ƙwayar yana da bakin magana idan aka zo zaɓen tambayar da za a bincika. Mataki na biyu a takarda yake. Duk yarjejeniyar da za ta fitar da miyau ko dattin haƙorin yaran Nijar zuwa waje ta ƙunshi sharuɗɗa bayyanannu: a bar kwafin kowace ƙwaya a gida, a tura ɗalibi ɗan ƙasa ya koyi aikin da hannunsa har matakin cire ƙwayar gado da mayar da ita, a dawo da sakamakon ga ma'aikatar lafiya, a kuma bayyana shi da Hausa da Zabarmanci ga iyayen da suka buɗe bakin ƴaƴansu aka ɗiba.